Ƙofar Ruwa a Gonar Kawu

Kawu ya rasu a shekarar da tsohuwar kukar bakin kasuwarmu ta faɗi, wadda ruwa ya makara har mutane suka gaji da jira suka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa. Da hantsi ya cika, kafin azahar mun kai shi. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa kuma na tashi tun bayan rasuwar mahaifina. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, ni kuwa ina ta sauraron abin da mutane ke faɗa bayan an shafa fatiha. Direbobin tasha sun zo a tare. Babbansu ya ce, "Allah Ya jiƙan Baban Lambatu," sai ya tuna inda yake, ya yi sauri ya gyara, "Injiniya nake nufi." Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ji haushi, domin duk wanda ke kan tabarmar nan ya taɓa kiransa da sunan, wasu a bayan idonsa, wasu a gabansa.

Rana ta biyu wasu dattawa suka zo daga birni, waɗanda suka yi aiki tare da shi a ma'aikata. Motarsu ta sha wuya tsakanin bakin kwalta da gari. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji mai farin saje, ya fito yana riƙe da ƙugu. Ya gaisa, ya yi doguwar addu'a, ya ce a duk zamaninsu ba a yi wanda ya san hanya kamar marigayi ba. Sannan ya waiga ya dubi inda suka fito ya ce, "Amma abin mamaki, injiniya guda a garin nan, ku dubi hanyarku."

Ƙanin marigayi, wanda muke ce wa Ƙaramin Kawu, ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar. Ba a mayar wa mai gaisuwa magana.

A cikin gida kuwa, matarsa, Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shiga gaishe ta sai na tarar tana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ta ce, "Bana ruwa zai sauka, ba mai ɗaukar laima ya fita."

Amsar da ban ba Alhajin nan ba ita nake rubutawa. Ban daɗe da iya rubutu ba, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka a hankali zan tafi.

Tun yana saurayi aka ɗauki Kawu aiki a ma'aikatar da ke kula da hanyoyi, daga nan aka tura shi Turai ya koyo yadda ake riƙon hanya bayan an gina ta. Yakan ba mu labarin yana dariya. Ya ce ya tafi da tunanin manyan injuna zai hau. Sai ga malaminsu ya jira ranar da ake tsuga ruwa, ya ce kowa ya sa rigar ruwa, ya fita da su bayan gari ya tsayar da su a bakin wani lambatu, ya ce su kalli inda ruwa ke tafiya. "Na ƙetare teku," in ji Kawu, "aka nuna mini shebur."

Abin da ya dawo da shi ba shi da yawa a baki. Hanya tana son doro a tsakiya domin ruwa ya gangare gefe. Tana son lambatu a gefen ya karɓi ruwan. Lambatun kuma yana son ƙofofi, wato 'yan mafita da ake yankawa nan da can, domin ruwan ya fice kaɗan-kaɗan kafin ya taru ya yi ƙarfi. Sai kuma mutum, wanda za a ce masa daga nan zuwa can naka ne, ka yashe shi kafin damina. Yakan ce, "Mota ba ta kashe hanya. Ruwa ke kashe ta, mota ta zo ta taka gawar."

Ya kai wannan ma'aikata da zafinsa. Ya nemi a ba shi leburori da shebur da baro, a raba musu hanyoyin karkara. Wani babba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi, "Injiniya, in ka yashe lambatu, wa za mu gayyato ya yanka ƙyalle?" Sabuwar hanya ake kira wa makaɗa. Tsohuwa kuwa gara ta mutu a sake ba da kwangila. Da ya dame su da magana sai aka yi masa ƙarin girma zuwa sito, a can ya ƙare aikinsa yana gadin tsofaffin tayoyi. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da akwati ɗaya da baƙar laima da dogayen takalman roba.

Garinmu yana gefen Tsanyawa, hanyar marmara ce ta haɗa mu da kwalta. A nan babu daji. Gona tana jikin gona, ko wurin ɗaure akuya sai an yi shawara. Saboda haka duk shekara, lokacin huɗa, mai gonar bakin hanya yakan ƙara kunya ɗaya ta wajen hanyar. Ɗaya tak. Ba wanda ke kiran wannan sata, kowa ya ga ubansa yana yi. Bana a ci gefen hanya, baɗi a shiga lambatu, wata shekara a tarar da gero yana shafar madubin mota.

Kawu ya ce wannan ne ba a koya masa ba. "A can ba wanda ke shuka hatsi a lambatu, saboda haka malaminmu bai san amsarsa ba. Ni zan nemo." Ba shi da leburori, ba shi da albashin da zai ba kowa. Sai ya bi ta hannun mai unguwa da liman, aka tara masu gonakin bakin hanya bayan sallar Juma'a. Ya ce kowa iya inda gonarsa ta taɓa hanya, nan ne nasa. Ya yashe lambatun kafin ruwa ya sauka, baƙar lakar da ya fitar, mai kashin shanu da na jakuna, tasa ce, ya watsa a gonarsa, taki ne kyauta. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kada ya shuka a lambatun, kuma ya yarda a yanka ƙofa ɗaya ruwa ya shiga gonarsa.

Wani ya ce, "Injiniya, ruwan hanya kake so mu karɓa a gonakinmu?"

Ya ce, "In kowa ya buɗe, kowa cikin moɗa zai samu, geronsa ma ya ji daɗi. In kuka toshe, na ƙarshe kogi zai samu."

Aka yarda, aka kuma yi. Shekaru da dama motar kasuwa tana shigowa har bakin kuka, ko a tsakiyar marka. Masu sayen gyaɗa suna zuwa da kansu. Masu ɗauko tumatir daga Watari sukan yanko ta garinmu domin hanyarmu ta fi ta wasu garuruwan da suke da ɗan majalisa. Mutane suka saba, har suka manta cewa wani abu ake yi hanyar take haka.

Shi bai manta ba. Kowa in hadari ya taso gida yake gudu, shi kuwa lokacin yake sa takalman roba. Ya ce hanya a cikin ruwa ake duba ta, da rani kowace hanya mai lafiya ce. Ni ke bin sa da shebur, ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma in ya leƙo ya ce, "Tashi mu je," tashi nake. Zai tsuguna a bakin lambatu ya jefa guntun kara, ya bi shi da ido har ya ga inda ya tsaya, ya nuna mini da bakin laima, in sa shebur. Masu fakewa a zauruka suna kallonmu suna dariya. A nan sunan Baban Lambatu ya fito. Ya sani, kuma yana amsawa. Wata rana wani saurayi ya kira shi da sunan daga cikin shago, sai ya tsaya ya ce, "Na'am, ɗana. Kayan shagon nan ta sama suka zo?"

A irin wannan yawon ne, can daga baya, ya ce mini, "Kana da haƙuri, amma duk abin da na gaya maka a ka kake ajiyewa, kai kuwa ƙasa ke cinye shi." Shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu wani malami da ya yarda ya riƙa zuwa daga Tsanyawa a babur, yana koya wa manya karatu a ajin firamare bayan la'asar. Ranar farko Kawu ya raka ni har ƙofar aji, ya ce wa malamin, "Ga shi nan. Ya iya shebur, a gwada shi da fensir."

Abin ya fara lalacewa ne daga cikin gida. Wata damina Ƙaramin Kawu ya ƙara kunya ɗaya a cikin lambatu ya shuka gero. Kawu ya yi masa magana, ya ce to, ya bar ta. Ya sake magana, ya ce to. Da geron ya kai gwiwa sai Kawu ya shiga da kansa ya fara tugewa. Ina tsaye a kan hanya sai ga ƙanin nasa da fartanya a kafaɗa.

"Yaya, me kake yi a gonata?"

"Ba a gonarka nake ba. A lambatu nake."

"Gerona ne a hannunka."

"Shi ya shigo inda ba nasa ba."

"Baba ya noma nan, kakanmu ya noma nan, tun Turawanka ba su san da garin nan ba. Don ka je ka ci burodi a ƙasar sanyi shi ne za ka dawo kana tuge abincin 'ya'yana?"

"Kunya ɗaya ce. Zan ba ka madadinta daga rumbuna."

"Riƙe rumbunka."

Aka je gaban mai unguwa. Ya saurari wannan, ya saurari wancan, ya ce 'yan uwa ne, kowa ya yi haƙuri. Washegari Ƙaramin Kawu ya cika buhuna da ƙasa ya toshe ƙofar ruwan gonarsa. Wanda ke ƙasa da shi ya ga ruwansa ya ninka, shi ma ya toshe. Haka abin ya yi ta gangarawa, kowa da hujjarsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gonar Kawu ita ce ta ƙarshe, a kwari, daf da kwalbatin da hanyar ke bi ta kansa. Ya ɗauki diga ya faɗaɗa ƙofarsa har ta kai amalanke ya shige.

Daga shekarar nan ruwan hanya gaba ɗaya a gonarsa yake zubewa. Ya cinye kusurwa guda, ya shimfiɗa mata yashi, ko wake ba ya yi a wurin. Na ji Inna tana ce masa, "Malam, kowa ya rufe tasa. Kai ne mai gonar banza?"

"In na rufe, ruwan ba shi da inda za shi sai kan kwalbati."

"To ya je mana."

"In ya je, ke da Tsanyawa sai a ƙafa."

Ta ce, "Ƙafata ba ta cin tuwo." Amma ita ce dai take shanya masa takalman.

A kakar shekarar ciyawar wuta-wuta ta ci gonar Ƙaramin Kawu, bai sami abin kirki ba. Kawu, daga abin da ruwa ya rage masa a tasa gonar, ya sa aka loda dammunan gero a amalanke aka kai ƙofar gidan ƙaninsa, bai aika da ko kalma ɗaya ba. Ƙanin ya zo ya durƙusa ya yi godiya har da hawaye. Suka shirya, suka koma cin tuwo a kwano ɗaya. Amma buhunan nan ba su motsa daga inda suke ba, Kawu kuma bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya rage, gireda ce ta ƙarasa shi. Ana gab da wani zaɓe sai ga ɗan kwangila da babbar gireda, aka ce an zo gyara mana hanya. Gari ya fito, mata suna guɗa daga cikin gidaje. Injin ya sa wuƙarsa ya aske doron hanyar, ya ture ƙasar cikin lambatu hagu da dama. Hanya ta yi faɗi, ta yi sumul kamar daɓen ɗaki. Kawu a lokacin ya fara dogara sanda. Ya fito tsakiyar hanya ya ɗaga wa direban hannu.

"Ɗana, karkata wuƙar. Ka bar mata doro."

"Baba, sharewa aka ce in yi. Matsa kada in taka ka."

Ɗan kwangilar ya sauke gilashin motarsa ya ce, "Tsoho, an kawo muku ci gaba kana ƙorafi?"

Kawu ya fara yi masa bayani da sandarsa a ƙasa, ga doro, ga lambatu, ga inda ruwa zai bi. Mutumin ya ɗaga gilashinsa. Samarin garinmu, waɗanda iyayensu suka yi noma da takin lambatun nan, su suka riƙe hannun Kawu suka janye shi gefe. Wani a cikinsu ya ce, "Baban Lambatu yana kishi da gireda." Aka yi dariya sosai.

Daga ranar ba wanda ya sake ɗaukar shebur. Aka ce hanya ta zama ta gwamnati, mai ita ya zo ya yashe. Ƙasar da aka ture cikin lambatun kuwa mai laushi ce, gyaɗa tana son ta. Ni da Kawu muka tone ɗan abin da ya saura, daga gonar maƙwabcinsa zuwa ƙofarsa. Ni ke haƙa, shi yana zaune a kan dutse yana nunawa. Hanyar ta zama rafi duk damina, ramuka suka buɗe, ita ce wadda Alhajin nan ya gani. Amma ana wucewa, domin ruwan yana da wurin fita guda ɗaya kafin ya isa kwalbati.

A ciwonsa na ƙarshe ya kira babban ɗansa, ina zaune a wurin. Bai yi maganar gida ba, bai yi ta rumbu ba. Ya ce, "Ƙofar nan, ku bar ta."

Ɗan ya ce, "To, Baba."

Babban ɗan nan abokin wasana ne, ni ɗan mace, shi ɗan namiji, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu zolayi juna ba. Bayan addu'ar arba'in aka raba gonar, kusurwar bakin hanya ta faɗa a rabonsa. Ruwa ya zauna, aka shiga huɗa. Wata safiya na bi ta wurin na tarar da shi da shanun huɗa, ya cike ƙofar da ƙasa, ya danne da duwatsu, yana jan kunya a kai.

Ya ce, "Ɗan mace, ka zo taya ubangidanka aiki?"

Na ce, "Na zo ganin abin da kake binnewa."

"Gonata nake gyarawa. Ka samu wuri ka zauna, in an kawo fura a sam maka."

Na ce, "Ai ka ce wa Kawu to."

Ya tsayar da shanun. Wasan ya fita daga muryarsa. "Mara lafiya aka ce wa to. Ka ga yadda aka raba gonar nan, ga abin da ya zo mini, rabinsa yashi. Da yashi zan ciyar da yara? Shekara da shekaru ake rage mana tuwo domin motar wasu ta wuce, me aka ba shi? Suna aka ba shi. Ka je ka gaya wa Ƙaramin Kawunka ya buɗe tasa, sauran su buɗe, ni ma in buɗe."

Ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Ni kuma ba ni da gado a gonar, tawa gonar ba ta taɓa hanya ba balle in buɗe ƙofa a cikinta. Na tafi wurin Ƙaramin Kawu. Ya saurare ni, idonsa ya cika da ƙwalla, domin da gaske yana son yayansa. Ya ce, "In na buɗe ni kaɗai, ni zan zama shi." Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, gona-gona. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya yi wa marigayi addu'a, kowa ya ce in na sama ya buɗe shi ma zai buɗe.

A tsakiyar marka aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba har azahar. Na shiga gaida Inna. Ta shiga ɗaki ta ɗauko baƙar laimar nan ta miƙo mini. Na fita na tsaya a kwarin. Ruwan ya gangaro ta tsakiyar hanya ja wur, ya zo inda ƙofar take ya bugi duwatsu, ya juya, ya hau kan kwalbati. Ya fara cin gefe ɗaya, sannan ɗayan. Na ga ƙasa tana ɓallewa guntu-guntu. Kafin la'asar kwalbatin yana zaune shi kaɗai a tsakiyar rami, hanya ta tsaya a wancan gefe, ta tsaya a wannan. Da ramin ya yi faɗi sai ya ci gaba ta cikin gonar, ya tafi da sababbin kunyoyin.

Da ruwa ya tsagaita gari ya fito kallo. Abokin wasana yana tsaye a bakin abin da ya saura na rabonsa, ban zolaye shi ba, shi ma bai dube ni ba. Na ji mutum fiye da ɗaya yana cewa, "Da Injiniya yana nan." Ranar ba wanda ya ce Baban Lambatu. Mai unguwa ya ce za a kai kuka sama a turo ɗan kwangila, mutane suka ce madalla.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya sa ruwan da ya karɓa a gonarsa ya zama sanyi a kabarinsa. In kuma Alhajin nan ya sake zuwa ya tambaya, ga abin da muka rasa. Kwalbati ɗaya. Motar kasuwa, yanzu a bakin kwalta take sauke mu, mu ɗauko kaya a ka. Kusurwar gonar da aka rufe ƙofa dominta, da gyaɗar da ke kanta. Ajinmu, domin malam ya zo da baburinsa ya tsaya a ƙetaren rami, ya ɗaga mana hannu ya juya, muna tsakiyar littafi na biyu. Da mutum ɗaya da yake fita ya ga inda ruwa ke tafiya.